Dashen Itatuwa da Raya Daji a Ƙasar Bagudo: Ina Muka Kwana?

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Da farko ina godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu a wannan harabar cikin ƙoshin lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali ga yayyena da suka fi ni ilimi da shekaru suna zaune. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa ni ban karanta ilimin gandun daji ba. Harkar mulki na karanta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, aikina kuma a Birnin Kebbi bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayuwa a gabanku shi ne wani kuskure da na tafka da hannuna, wanda nake ganin da yawa daga cikinmu sun yi irinsa, ko suna gab da yi.

Abin da ya faru a gonarmu

Kamar yadda abokan ajinmu suka sani, ni mutumin Lafagu ne, a Ƙaramar Hukumar Bagudo, can wajen iyakarmu da Jamhuriyar Benin. A gonar da mahaifinmu ya bar mana, Allah Ya jiƙansa, akwai wata babbar ɗorawa da kaɗanya guda huɗu. Tun ina ƙarami nake ganin Inna tana tara kalwa tana yin daddawa, idan damina ta faɗi kuma ta fita da asuba tsintar 'ya'yan kaɗe, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta fitar da mai. Duk ranar komawa makaranta, kuɗin mota da sabulu da garin kwaki da 'yar sukarin da nake ɓoyewa a akwati don gudun manyan ɗalibai, daga ƙullin zanenta suke fitowa, ni kuwa ban taɓa tambayar inda ta samo su ba.

Da na fara aiki, maganar aurena ta taso, kuɗin lefe ya gagara. Sai ga masu yin gawayi sun zo sun taya kaɗanyun nan, masu zarto kuma suka taya ɗorawar. Na lallashi yayana, na ce masa ai itatuwan nan inuwarsu ma tana hana dawa yin kyau, muka sallama. Ranar da aka kayar da ɗorawar Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dai dube ni ta ce, "Ɗan nan, wanga icce shi yak kai ka makaranta." Kuɗin bai yi mako biyu a hannuna ba. Yau Inna a kasuwa take sayen kalwa, da kuɗin da nake aika mata, kuma kowace shekara mudun sai ya ƙara tsada. Jama'a, wannan shi ne dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu.

Dukiyar da Allah Ya ba mu

Ƙasar Bagudo tana cikin sassan Jihar Kebbi da Allah Ya wadata da ruwan sama da itatuwa, ga kuma Kogin Kwara ya ratsa ta. Daga Zagga zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kaɗanya da ɗorawa da kuka da tsamiya da giginya da ɗinya da kanya da taura da maɗaci da marke da ƙirya da kawo da madobiya. Kowannensu da aikinsa. Kuka ta ba mu miya, giginya ta ba mu muruci da azara, ƙirya ta ba maƙera gawayi da matan gida turmi, maɗaci da marke suka ba mu magani, madobiya da kawo kuma su ne abincin shanu a tsakiyar rani lokacin da ciyawa ta ƙare.

Wani abin mamaki shi ne baƙi sun daɗe da gane darajar waɗannan itatuwa. Baturen nan Mungo Park, wanda ya biyo Kwara a jirgin ruwa ta ƙasarmu har ya halaka a Busa a shekarar 1806, ya yi bayanin man kaɗe a labarin tafiyarsa ta farko. Daga baya masana tsirrai suka laƙaba wa ɗorawa sunansa, shi ya sa har gobe a littattafan kimiyya ake kiran ta Parkia. Ku duba fa, mutum ya wuce ta bakin gidanmu sau ɗaya, an sa wa itacenmu sunansa, mu kuwa da muka ci garinta muka sha romon daddawarta muna sayar da ita ga mai zarto. Haka kuma wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya bi tsofaffi da masu magani yana tambaya, har ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Abin da ya tattara shekara ɗari da suka wuce, yau ɗan sakandare a garinmu ba zai iya kawo goma daga ciki ba.

Ita kaɗanya a yau ta zama hajar duniya. Ana sa manta a cakulan da man shafawa a ƙasashen Turai da Amurka, Nijeriya kuma tana sahun gaba wajen samar da 'ya'yanta. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyun 'ya'yan kaɗe zuwa waje na tsawon wata shida, da nufin a riƙa sarrafa su a cikin gida. To amma kaɗanya takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya sosai, mai gawayi kuwa da hantsi ɗaya yake kayar da ita. Idan babu itacen, kowace irin doka aka kafa a Abuja ba za ta sa wa matanmu ko sisi a hannu ba.

Abubuwan da ke cinye dajinmu

Na farko shi ne gawayi. Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga buhuna jere a bakin titi suna jiran mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da dama a birane suka koma ga gawayi da itace. A nan ina roƙon mu yi adalci. Talakan da ke kwana a daji yana turara rami yunwa ce ta kai shi, buhun nan kuma ɗakin girkinmu yake zuwa, mu ma'aikata da ke Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato. Ba ya yiwuwa mu zage shi da safe mu sayi kayansa da yamma.

Na biyu shi ne faɗaɗa gonaki. Jama'a sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba, an daina barin saura ta huta, kuma an cusa mana ra'ayin cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, babu ko kututture. Na uku shi ne ƙunar daji, wadda sau da yawa saboda gafiya ko zomo guda ake tayar da ita, ta cinye duk ƙananan itatuwan da suka tsiro a daminar. Na huɗu shi ne fataucin katako. A 'yan shekarun baya an yi wa madobiya wawaso a Afirka ta Yamma, ciki har da Nijeriya da Benin, ana loda ta zuwa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu tun daga 2017.

Sakamakon duk wannan muna ganin sa da idonmu. Gaɓar kogi da rafuka da babu saiwar da za ta riƙe ta sai zaizayewa take yi. Ba na cewa itace zai hana Kwara cika, domin ambaliya irin ta 2020 da ta cinye shinkafar manoman Kebbi ta fi ƙarfin haka, amma gaɓar da ke da itatuwa ba ta ruftawa kamar wadda aka aske. Bugu da ƙari, idan makiyayi ya rasa ganyen madobiya da kawo da rani, ina zai nufa da shanunsa in ban da fadamar manomi? Rigingimu da yawa da ake kai wa gaban hakimai, in aka bi salsalarsu, daga nan suka samo tushe.

Bukukuwan dashen itatuwa

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, kuma ina neman afuwar shugabanni, domin ni ma ina cikin kwamitin da ya shirya abin. Kuna tune da shekarar da wannan ƙungiya tamu ta yi bikin dashen itatuwa a nan makaranta. Mun kafa rumfuna, mun ɗinka riguna masu tambari, mun sayi lemo, an ɗauki hotuna kowa riƙe da shebur. Sai dai mun yi bikin ne a ƙarshen Satumba, lokacin da damina ke ban kwana, saboda a lokacin ne babban baƙonmu ya sami sarari. Ba mu yi wa dashen shinge ba, ba mu damƙa shi a hannun kowa ba, ɗalibai suka tafi hutu, awakin unguwa suka yi walima. Da na dawo da bazara na zaga, abin da ya rayu bai cika yatsun hannuna biyu ba. Kuɗin rumfa da riguna kuwa ya ninka na dashen.

Ku kwatanta wannan da dogon yaron da muke zaune a inuwarsa yanzu. Malaminmu na aikin gona, ga shi can zaune yana murmushi, shi ne ya raba wa kowane ɗan aji ɗaya itace guda, ya rubuta sunansa a littafi. Duk wanda nasa ya bushe ya san abin da zai tarar ranar Asabar lokacin leba. A wancan lokaci muna ganin mugunta ce, muna ɗaukar bokiti muna ƙunƙuni. Malam, yau a madadin ajinmu ina cewa Allah Ya saka da alheri. Abin da ya raya waɗannan itatuwa shi ne kowannensu yana da mai shi, kuma akwai mai bin sawu.

Maƙwabtanmu ma suna da ranakunsu. A Benin, 1 ga watan Yuni ita ce ranar itace ta ƙasa tun 1985, kuma duk mai zuwa Malanbil ko Segbana ya san ranar ta dace da farkon damina. A Nijar tun 1975 aka haɗa ranar 3 ga Agusta da dashen itatuwa. A matakin nahiya, Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Waɗannan duk abin maraba ne, amma babu jami'in da zai taso daga hedikwata ya kore maka akuya daga kan dashenka.

Darasi daga Maraɗi

A lokacin da nake cikin nadamar abin da na yi ne na ci karo da labarin manoman Maraɗi, 'yan'uwanmu Hausawa na Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 ƙasarsu ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, an yi ta dashe yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurarrajin ganyen da ke tsirowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara, tohon kututturan manyan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Tunda saiwar ta riga ta kai ga danshi, ba ta bukatar ban ruwa, gyara kawai take so.

Manoman can suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Yadda ake yi shi ne, idan ka zo sharar gona ka tarar da kututture ya yi toho, sai ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari kuma ka rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu, da wuƙa ko lauje mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Sai ka ɗaura ɗan tsumma don kowa ya san da mai shi, ka riƙa komawa bayan 'yan watanni kana gyarawa. Abin da ka sare ya zama makamashi ko abincin dabbobi.

Da farko an yi musu dariya, an ce ƙazaman manoma ne. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka daure suka ga amfaninsa, maƙwabta suka kwaikwaya, sannan sauye-sauyen doka, kamar dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, suka ƙarfafa wa manomi gwiwa cewa itacen da ya raina a gonarsa zai ci moriyarsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya, a shekara ɗaya da marigayi Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya daji da fartanyarsa. To idan Maraɗi mai ƙarancin ruwa ta yi haka, mu da muka fi su damina mene ne uzurinmu?

Gwajin da muka yi a Lafagu

Damina uku da suka wuce na ɗauki hutu na tafi gida kafin shuka. Da na shiga gonarmu sai na tarar uku daga cikin kaɗanyun da na sayar sun yi toho, ashe duk shekarun nan yaran da nake biya kuɗin sharar gona sassabe su suke yi suna ƙonewa. Na nemi izinin mai gari, muka kira gayya irin ta da, da fura da goro. Na gayyaci limami da matan da ke sana'ar man kaɗe da 'yan makaranta, na kuma je da kaina rugar da ke kusa na roƙi ardo ya zo, domin na san in ba da yardarsa ba aikin banza za mu yi. Muka bi gonaki biyar muna zaɓe muna ɗaura tsumma.

Abin da ya fi burge ni a ranar shi ne wata tsohuwa, ƙawar Inna, da ta riƙa tsayawa kan kowane toho tana faɗin sunansa da maganin da yake yi, ardo kuma yana faɗin nasa da Fulatanci da irin dabbar da ke son sa. Ni mai digiri na koma ɗan aji ɗaya, ina rubutawa a bayan ambulan.

Ba zan ɓoye muku ba, ba duka ne ya yi kyau ba. Wuta ta ci gona ɗaya da kaka, wani maƙwabci ya sare nasa ya ce tsuntsaye za su tara masa, wasu kuma masu neman itacen girki sun yi mana ɓarna. Amma a gonarmu yau kalgo da marke da taura sun wuce tsayin mutum, kaɗanyun kuma, da yake ita ba ta gaggawa, sun kawo mini ƙirji. Ɗorawar ba ta dawo ba, sai na shuka kalwa a gurbinta na kewaye da ƙaya. Na kai Inna ta gani. Ta shafa ganyen ta ce ita dai da wuya ta tsinci 'ya'yansu, amma in tabbata na nuna wa ɗiyata wurin.

Shawarwari ga ƙungiya

Mai girma Shugaba, ina da shawarwari huɗu da nake roƙon a sa su cikin ajandar babban taro.

Na ɗaya, duk dashen da za mu sake yi a yi shi a watan Yuni ko farkon Yuli, ko da babban baƙo ko babu. A raba itatuwan ga rukunin kowace shekara, su ɗauki nauyin shinge da ladan mai ban ruwa, sannan a watan Afrilu a ƙirga waɗanda suka tsallake rani, a buga sakamakon a wannan mujalla tamu da sunan kowane rukuni. Kuɗin riguna da rumfa a mayar da shi ga shinge.

Na biyu, mu taimaka wa makaranta ta kafa ɗan lambun renon itatuwan gida, kada mu tsaya ga dogon yaro da mangwaro kaɗai. A koya wa ɗalibai cewa kalwa tana son a jiƙa ta kafin shuka, ƙwallon kaɗe kuwa ba ya jure ajiya, da ɗanyensa ake binne shi, kuma ya fi son a shuka shi a inda zai zauna saboda tsawon saiwarsa.

Na uku, a ware rana ɗaya a shekara da ɗalibai za su fita bayan gari tare da tsofaffi da masu maganin gargajiya da makiyaya, su rubuta sunayen tsirrai da amfaninsu da Hausa da Fulatanci da Dandanci da sauran harsunan yankinmu, a ajiye a ɗakin karatu. Wannan aiki ba ya jira, domin masu ilimin suna ta tafiya.

Na huɗu, kowane ɗayanmu da ke da gona a gida, ko da hayar ma'aikata yake yi, ya je da kansa kafin sharar bana ya ɗaura tsumma a kan toho ko da goma ne. Mu kuma rage gawayin da muke ƙonewa a gidajenmu ta hanyar amfani da murhu mai tsimin makamashi. Mutanen ƙauye suna kallon abin da ɗan boko ya yi a gonar ubansa fiye da abin da ya faɗa a lasifika.

Daga ƙarshe, malamanmu na addini sun karantar da mu cewa wanda ya dasa itace yana samun lada muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na amfana da shi. Mu mun ci moriyar abin da iyayenmu suka bari, har wasunmu mun sayar mun yi lefe. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan sassabe da nake magana a kai bai fi ƙarfin kowa ba, wuƙa ce da tsumma da haƙuri.

Ina roƙon Allah Ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Jihar Kebbi da Nijeriya baki ɗaya. Idan na yi kuskure ko na saɓa wa wani a cikin maganata, ina neman gafara.